Na Kira Sunanta Sau Uku

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki, ɗiyarki ta fari ce ke rubuto miki daga Goronyo, inda har yanzu nake koyar da Turanci a aji biyar. Shekara uku ke nan da rasuwarki, amma duk ranar da na yi ɓarna ke nake fara tunawa. To, na yi wata, Inna.

Mako biyu da suka wuce muka shiga darasin yadda ake bayyana mutum da kalmar who, kamar a ce "matar da ke sayar da albasa". Yara suka sha wuya, ni ma na sha. Sai kika faɗo mini a rai. Tun da kika haife ni a Wurno ba ki taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗiyar fari. Sai dai in ji kina tambayar ƙannena, "Waccan da ka zuwa makaranta, mi tac ci?"

Na ce ai ga dabara. Kowa ya tashi ya bayyana mana mahaifinsa da Turanci, ban da ambaton suna. Aji ya kaure da dariya. Wannan ta ce nata shi ne mai kamun kifi a dam, waccan ta ce nata shi ne mai minsharin da ke korar kaji. A ranar, mai duba makarantu na zaune a bayan aji yana gyaɗa kai, ni kuwa kaina sai kumbura yake.

Sai layi ya zo kan Saratu, wata yarinya shiru-shiru da suka dawo daga wani ƙauyen Rabah a farkon zango. Ta miƙe, ta ce "My father is the man who", ta tsaya nan. Na kira sunanta. Na sake kira, na buga sanda a tebur. A na uku na ce ko aku aka koya wa da yanzu ya ƙarasa. Yara suka yi dariya, ta zauna tana kallon ƙafafunta.

Bayan an tashi wata malama ta ja ni gefe. Ashe tun damina 'yan bindiga suka ɗauke mahaifinta daga gonar gero, har yau babu labari. Gidansu ba su san ko zaman makoki za su yi ba, ko jira. Da me za ta ƙarasa jimlar, Inna?

Yau kwana tara kujerarta ba kowa. Na aika, uwarta ta ce ciwon kai ne. Na san irin wannan ciwon kan. Tsorona kada ya zama ni ce na raba ta da makaranta, ita da rubutunta ya fi na kowa tsabta. Kina yawan cewa, "Magana zarar bunu ta." Ban ji ba.

Ke da ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa kunyata ni a gaban mutane ba. Kin tuna ranar da kika mare ni kan tulun da akuya ta fasa? Ba ki ba ni haƙuri da baki ba. Fura kika dama, kika aje gabana, kika juya baya kina tsintar wake har na shanye.

Gobe in Allah Ya kai mu zan dama tawa in kai gidansu. Ba zan tambaye ta komai ba. Zan zauna har ta sha, ko ta ƙi.

Allah Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya bayyana mahaifin Saratu da rai da lafiya, Ya sanyaya zuciyarta a kaina, Ya dawo mini da ita aji. Amin.

Taki har abada,
waccan da ke zuwa makaranta.