Zuwa ga Yaya Lawal, Kan Filifar da Ka Bari a Kwance

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana Lawal, ɗan marigayi Malam Isa mai gyaran rediyo, a duk unguwar da kake cikin Damagaram. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, in kana da su, don ko wannan ba mu sani ba. Mu nan Daura muna nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na rubuta maka a nan inda kowa zai karanta ne saboda ba ni da lambarka. Na san a cikin masu karantawa ba za a rasa wanda zai miƙa maka waya ya ce duba ba. Wani mai fataucin shanu daga garin Babban Mutum ya ce ya gan ka a bakin kasuwa kana gyaran janareta, wai har ka ajiye tumbi. Ya ce sau uku ka tambaye shi lafiyar Inna. Da ya ce ku taho tare, ka ce aiki ya yi maka yawa. Aiki! To ni ma zancen aiki ne ya sa na ɗauki alƙalami, aikin da ka bari a zaurenmu shekara tara ke nan.

In ka manta, bari in tuna maka. Akwatin wasan nan mai ƙafa huɗu da gilashi a sama, wanda Baba ya sayo a garin da kake ɗin nan lokacin da aka rufe wani kulob, ya ɗoro shi a kan motar wake. Filifa mutanen can suke ce mata, mu ma muka kama. A ja sanda a saki, ƙwallon ƙarfe ya haura, ya gangaro yana bugun turaku, fitilu na walƙiya, ƙararrawa na kaɗawa, mutum na danna maɓallai biyu na gefe, 'yan hannuwa biyu na mayar da ƙwallon kada ya faɗa rami. Ranar da aka sauke ta Baba ya toshe ramin saka kwabo da dalma, ya ce ba za a ce ana caca a zaurensa ba.

Bayan la'asar zaure kan cika da ku maza, ni kuma a ce in koma cikin gida. Kai ne kake kifa min turmi da safe in Baba ya tafi shago, in taka tsayina ya kai. Ban manta ba, amma wannan ba zai hana ni faɗa maka gaskiya ba.

Da ta tsufa, hannun hagu ya sanƙare, ƙararrawa ta yi shiru. Ka ce kai za ka gyara. Ka yi makonni kana kwancewa kana ɗaurawa. Ranar da kake cire gilashin baya mai zanen jirgin ruwa ya suɓuce maka ya fashe. Baba ya shigo, a gaban abokanka ya ce, "Hannun nan naka bai taɓa gyara komai ba." Ina bayan ƙofa, na ji da kunnena. Washegari da sassafe ka fita, ba ka karya ba.

Baba ya rufe ta da tabarma. Shekara biyar ya yi bayan tafiyarka ban taɓa ganin ya ɗaga tabarmar ba. Ya rasu ba ka zo ba. Wannan ba zan tsaya a kai ba, don in na fara ba zan gama ba. Allah ya ji ƙansa.

Daminar bana rufin zaure ya yi yoyo daidai kanta. 'Yan gwangwan suka fara sintiri a ƙofar gida. Na ce wa Inna a ba su kowa ya huta, ta ce, "Aikin yaron nan ne, bai gama ba." Ka san Inna da kunyar ɗan fari. Sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba, kuma shekara tara ban ji ta ce tana kewarka ba. Sai dai ta share zaure safe da yamma, ta kewaye akwatin, ta ɗan tsaya tana duban ƙofa. Haushi ya kama ni. Na ce in aikin ne ya tsare ta, ni zan gama shi, ta daina jira. Ba don kai na yi ba, kada ma ka ji daɗi.

Ni da nake koya wa 'yan mata wutar lantarki a allo, na ɗauka Asabar biyu ta ishe ni. Yau wata na biyar ke nan.

Da na buɗe cikinta sai da na ja baya. Ɓeraye sun yi gida har sun aurar da jikoki. Zanzaro ya gina ɗakinsa cikin ƙararrawa. Gara ta cinye ƙafar baya ɗaya, ana taɓawa ta zube. Kai kuma, gwanin gyara, ka tattara noti da sukuru na wuri fiye da ashirin ka zuba a kwanon sha ɗaya na Inna, ba alama ba komai. Yini biyu na yi ina gwada wannan a ramin wancan, ina tsaki.

Na koma kallon bidiyo a waya. Wani Bature a ɗakinsa mai sanyi yana ce min abin ba wuya, kawai in ɗauko taswirar wayoyi. Taswirar tamu ɓera ya ci rabi, rabin da ya rage min kuma Faransanci ne. Kafin ya kai inda nake nema data ta ƙare. Wuta kuwa kamar da gayya: a kawo ina aji, a ɗauke daidai lokacin da ƙarfen dalma ya fara zafi. Sau biyu ta ja ni. A na biyun na kira sunanka da ƙarfi, kuma ba addu'a nake yi maka ba.

Maigidana kullum na dawo da baƙin hannu sai ya ce, "Malama, yaushe za a yanke zare a buɗe kamfani?" Matan unguwa kan leƙo zaure su ga matar aure, uwar 'ya'ya huɗu, rabin jikinta cikin akwati da sukundireba a baki. Na san inda suke kai zancen.

Robobin turaku duk sun bushe, na yanka sababbi daga tsohon tub ɗin keke. Kafinta ya yi min ƙafa, ta yi tsawo, ya rage, ta yi gajarta, na sa mata fasasshen tayil a ƙasa. Makunnai na bi ɗaya bayan ɗaya ina gogewa har yatsuna suka yi kanta. Fiyus huɗu na ƙona. Gilashin baya na sa aka yanko fari, jirgin ruwan ya tafi ke nan.

Yanzu ka buɗe kunne, don wannan shi ne rabin abin da ya sa na rubuto. Da na ɗaga allon wasan na shiga bin wayoyi da tocila, na gane naka aikin daga na Turawa, don dalmarka ta fi kauri, ba ka san tattali ba. Na gwada haɗinka ɗaya bayan ɗaya da nufin in kama ka da kuskure. Ban samu ko ɗaya ba. Duk inda na sake aiki, ɓarnar ɓera ce ko ta ruwa. Hannun hagun nan ma ka riga ka gyara shi, saura ɗaurawa.

Ka tuna ɗabi'ar Baba a shago? In ya duba rediyo ya ga aiki ya yi, sai ya tsoma tsinke a farin fenti ya ɗiga a ciki, shi ke nan mai kaya ya zo ya ɗauka. Yaya, a gefen kowane haɗin da ka yi akwai ɗigon farin fenti. Na ƙirga na sake ƙirgawa, bai tsallake ko ɗaya ba. Ban san ranar da ya ɗaga tabarmar ba, Inna ma ta ce ba ta sani ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kuma na ji haushinku ku biyun, shi da bai iya buɗe baki ya faɗa ba, da kai da ba ka tsaya ka ji ba.

Ranar wata Lahadi ta tashi. Fitilu suka kama, na taɓa turke da yatsa ƙararrawa ta amsa, hannuwa biyu suka motsa. Na ja sanda na saki, ta bugi iska. Babu ƙwallo.

Na zazzage akwatin, na zazzage kwanon sha, na share zaure har ƙarƙashin tabarma. Na ce shi ke nan, Lawal ya tafi da shi a aljihu don mugunta. Na shiga yawon neman ƙwallon boris da zai maye gurbinsa. Na masu babur ya yi ƙanƙanta, ya shige ƙarƙashin hannu ya maƙale. Na je har kasuwar Dutsi wajen masu injin niƙa, nasu ya ƙi shiga hanya. Wani mai walda ya rantse zai goge min babba ya dawo daidai, ya kawo min abu kamar gauta. Sati shida ina wannan wahala, Inna na zaune a kan kujerarta tana kallona, tana ce min sannu.

Ka san yanzu ni nake yi mata wanki, don hannuwanta ba sa iya matsa. Kullum ita take miƙo min kayan. Ran nan tana sallar walaha, na shiga na kwaso da kaina. Ina jefa zanenta a daro na ji ƙwal. Ƙullin nan ne na haɓar zane, wanda duk muka ɗauka goro ne. Da na yi tunani kaɗan da na tuna likita ya hana ta goro tun kafin Baba ya rasu.

Na kwance. Ƙwallon ne. Duk ƙarfen da ke cikin akwatin nan ya yi tsatsa, shi kaɗai yake sheƙi, yana ƙamshin man kaɗanya.

Ba zan ɓoye maka ba, na ɗaga mata murya, Allah ya yafe min. Na ce sati shida ina yawo rana na dukana, ashe yana jikinta. Ta sallame, ta miƙo hannu, ta ce, "Mayar min. Ajiya ce." Ashe da safen da za ka fita ka damƙa mata shi a bakin murhu, ka ce ta riƙe maka kada ya ɓace, za ka je ka dawo. Na ce ta ara min na minti biyar in gwada. Ta ce, "Mai ajiya shi ke karɓar kayansa, ko ke ba zan ba ki ba." Ta ƙulle shi a sabon zane a gabana. Tana cikin ƙullawa, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ni dai kada in tafi da kayan mutum a wuyana."

Ka ji abin da ka yi? Kai ka faɗi magana a bakin murhu, wataƙila kafin ka kai tasha ka manta. Ita ta ɗauke ta amana, tana kwana da ita tana tashi da ita. Ba ta da halin ta ce ɗanta take so ta gani, sai ta ce kayan mutum.

Ƙafafunta sun kumbura, Yaya. A zaune take salla tun azumin da ya wuce. Daga ɗaki zuwa zaure sai ta huta sau ɗaya a gindin darbejiya. Ina tsoro, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Wani mai sayar da kayan injuna a Kano ya ce zai samo min ƙwallo irinsa sak, in turo masa awo. Awon yana wajena, na ɗauka da ido ranar wanki. Na rubuta saƙon sau uku ina gogewa. In Inna ta ji ƙararrawar nan na kaɗawa da wani ƙwallon, za ta gane mun daina jiranka. Abin da na fara aikin don shi ke nan, yanzu kuma na kasa.

Don haka filifa tana nan a kunne, ba mai bugawa. In an kawo wuta bayan la'asar Inna kan ce in kunna mata, wai don kada ta sake lalacewa. Sai ta zauna tana kallon fitilu, hannunta a kan haɓar zane.

Ba na roƙonka ka dawo da zama. Ba wanda zai tambaye ka inda ka shiga, ni ma na yi alkawari zan kama bakina, ko da na yini ɗaya ne. Daga inda kake zuwa nan, in ka yi sammako, da mu za ka yi azahar. Kada ka aiko saƙo cewa ka yafe mata ajiyar, na san ta, ba za ta karɓa daga bakin kowa ba. Ka zo da ƙafarka ka durƙusa ka gaishe ta, ka miƙa hannun nan da aka ce bai taɓa gyara komai ba, ta kwance ta ba ka. Kafin nan zan ɗaga maka allon ka ga fentin da idonka. Ban goge ko ɗigo ɗaya ba.

Turmin nan ma yana nan, amma yanzu tsayina ya kai. Wasan farko naka ne, na biyu nawa, kuma kada ka sa ran zan raga maka.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya sassauta zuciyarka, ya buɗe maka hanyar gida. Allah ya haskaka kabarin Baba. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da kwana, ya sa ta sauke kayanka a hannunka tana raye. Amin.

Taka ƙanwa, wadda har yanzu take fushi da kai,
Saratu.

Nawa na gama, Yaya. Saura naka.