Ni na goge teburin rabon ruwa, wani aka karya wa hannu

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Ni ke kula da kwamfutar wata ƙungiyar manoma kusa da Managil a Sudan. Rumbun bayananmu ya yi nauyi, shugaba ya ce in rage masa kaya. Shi rumbun yana ƙirga sau nawa aka karanta kowane tebur, wato jadawalin bayanai, da kowace fihirisa, wato jerin da ke saurin nemo su, sai na jera su daga wanda aka fi karantawa zuwa ƙasa. Teburin sunayen manoma ne a sama, fihirisar lambobin gonaki na biye. Can ƙasa na ga wani tebur da sifili, na goge shi ina jin kaina gwani. Na manta ranar da safe an ɗauke wuta, kuma duk sanda na'urar ta mutu, daga sifili ƙirgen ke tashi. Wane irin jaki ne ke manta wannan? Ashe teburin rabon ruwa ne, sau ɗaya ake buɗe shi a mako biyu. Da na gane, sai na sake rubuta shi da ka, ban gaya wa kowa ba.

Takardun rabon ruwa suka fita, kawuna da maƙwabcin gonarsa an haɗa musu ranar ban ruwa ɗaya. Suka haɗu a bakin magudana, kowa riƙe da tasa. Maƙwabcin ya ɗaga shebur ya sauke wa Kawu a ka, jini ya bi ruwan. 'Ya'yan Kawu suka nufi gidan samad, dattijon da ke raba takardun, suka jawo shi waje, suka karya masa hannu da sanda, haƙoransa biyu a ƙasa. Ina tsaye a wurin. Ya dube ni, baki duk jini, ya ce, "Ya waladi, ɗana, gaya musu, abin da kwamfuta ta ba ni shi na raba." Na ce, "Baba, kwamfuta ba ta kuskure." Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji na tsani kaina.

Kawu na asibiti, bai farfaɗo ba. Jiya babban ɗansa na wasa adda a ƙofar gida ya ce mini, "Wallahi ya zol, mutumina, ran da Baba ya cika, samad zai bi shi. Halas, magana ta ƙare." In na yi shiru, dattijo zai mutu a kan laifina. In na buɗe baki, addar nan kaina za ta juyo, kuma mahaifiyata za ta san ɗanta ne ya kwantar da yayanta.

Me zan yi?