Bishiyar Alƙiblarmu

Zuwa ga Hajiya, uwar gidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da ke yau Juma'a ce, kuma ban samu zuwa masallaci ba. Gwiwoyi sun ƙi, idon hagu ya ƙara hazo, tarin nan da kika sani yana nan bai tafi ba. Alhamdu lillahi.

Labarin da zan ba ki shi ne na koma unguwarmu. Ke kin riga guguwar da ta afka wa unguwar tafiya, ba ki ga abin da ta yi ba, kuma na gode wa Allah da hakan. Ta yaye rufin gidajen layinmu kamar ana buɗe tukunya. Keken ɗinkinki a tsallaken titi aka tsinto shi. Na yi watanni a ɗakin jikoki, a gidan ɗanmu Sani, har aka gama gini aka ce mu dawo.

Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun yi aiki. 'Yan coci da 'yan masallaci tare suka kwashe tarkace. Yanzu ga sabon fenti, ga kafet mai laushi, famfon nan da ya dame ki da ɗiga ya zama labari. Duk wanda ya ji sai ya ce, “Baba, ka huta.”

Amma bishiyar babu.

Kin tuna zuwanmu wannan birni na Greensboro? Ina ta salla ina fuskantar fitowar rana kamar a Kano, har ranar da kika dawo daga karatun mata kika ce, “Malam, gabas ɗin nan ba irin ta gida ba ce, sai an karkata hagu.” Na tsaya gardama. Kika kama kafaɗuna kika juya ni, sai ga ni ina kallon babbar bishiyar bakin taga. Kika ce, “Ga alƙiblarka nan, ba za ta gudu ba.”

Ta gudu, Hajiya. Da saiwarta iska ta tumɓuke ta. Masu zarto suka yanyanka ta, aka shimfiɗa kwalta a gurbinta don ajiye motoci.

Shi kuma sabon ginin sun juya masa fuska. Tagata bango take kallo, rana ba ta leƙo ni. Kullum na shimfiɗa darduma sai in tsaya tsakiyar ɗaki ina juyi kamar baƙo. Na san Allah Yana karɓar sallar wanda ya yi iya ƙoƙarinsa. Zuciyar ce ba ta kwanta ba.

Sani kullum yana kan hanya da babbar motar da yake tuƙawa, sai dai waya. Maƙwabtanmu na dā ba wanda ya dawo. Malam Isufu mutumin Damagaram, wanda muke shan shayi da shi a gindin bishiyar, kina aiko mana da gyaɗa, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Summerfield, can bayan gari cikin masu dawakai. Shi ne ya ce zai zo yau bayan an sauko, da dardumarsa ta Makka mai kamfas ɗin nuna alƙibla. “In sha Allahu, Alhaji, zan daidaita ka.” Na sa an sayo mini ganyen shayi a High Point Road. Na wanke 'yan kofunan nan naki.

Gaskiya, Hajiya, ba kamfas ɗin kaɗai nake jira ba. Shi ne ya rage wanda ya san inda bishiyar take.

Allah Ya yalwata kabarinki, Ya sa haske a cikinsa. Ke an fuskantar da ke alƙibla, kin huta. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne naki,
Malam

Ƙari: Magariba ta yi, Isufu bai zo ba. Shayin ya huce. Na rufe ido na tsaya, ko zan ji hannunki a kafaɗata, sannan na tayar da kabbara.