Finjali Na Uku

Catford, 4 ga Maris

Yaya Zubaida,

Gaisuwa mai yawa. Ya Kano, ya ƙafar Baba? Ina fatan shan maganin yake yi, ba tara shi a ƙarƙashin filo ba.

Kin tambayi karatu. Saura wata biyu in miƙa kundina kan Dobbi, wani ƙaramin harshe na Habasha. Babin da ya rage shi ne yadda suke ƙulla magana irin "da ya zo", "in ya zo", "saboda ya zo". Duk London mutum ɗaya na samu mai jin harshen sosai: Imama Askale, wata tsohuwa da ta zo renon jika a Thamesmead. Ƙarshen watan nan za ta koma gida.

Sau biyar ina zuwa. In karanta jimla, 'yarta ta juya da Amharik, babban harshen ƙasarsu, tsohuwar ta mayar da Dobbi. Supervisor ɗina ya saurara, ya ce Amharik ne aka sa wa rigar Dobbi, ba zai shiga kundin ba. Har da "interesting" ya ce, don ladabi.

A sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Karimatu

Catford, 19 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da Baba ya fara takawa masallaci.

Ashe tarbiyyar Inna ce ta kusa kayar da ni. 'Yar Imama ce ta tare ni a bakin lift ta fayyace mini. Gahawarsu zagaye uku ce, na ukun shi ne na albarka. Ni kuwa baƙuwar kirki: in kurɓi na farko, in ce alhamdulillahi na ƙoshi, in ruga in kama bas. Sai tsohuwa ta ɗauke ni kamar ma'aikaciyar council, irin 'yan hukuma masu zuwa da takarda, a ba ta amsa a sallame ta.

Jiya na bar takardun a jaka. Na zauna Imama ta soya gahawar, ta daka, ta tafasa. Na nemi izini na kunna rikoda. Gahawa da gishiri da man shanu, Yaya, kuma na shanye uku ban yamutsa fuska ba. A finjali na biyu ta fara magana. A na uku ta manta da ni, ta shiga labarin ranar da ruwa ya ci gonar mahaifinta. Minti arba'in. 'Yarta ta ce ita ma ba ta taɓa jin rabinsa ba.

Da yake tana ɗan tsintar Dobbi, na sa ta fassara mini jimlar farko da uwar ta faɗa. Wai da yarinyar nan ta iya zama, da tuni ta gama.

Jimlar nan ce misali na ɗaya a babin.

Ki gaida Inna, amma kar ki karanta mata.

Taki,
Karimatu