Gadar da Na Ɗauki Dutsenta

Litinin, 3 ga Maris

Guntuwa, jikata, ta dawo daga makaranta, ta ajiye jaka, ta ce "Kaka sannu" tana tafiya. Ta wuce gidan Mai-Tabarau, kakanta na wajen uwa, tsohon hedimasta. Wai shi ke tsara mata bayanan jarrabawa: adabi, iya magana, tarihi. Littafi uku, kowanne da jan biro a ƙarƙashin layi. Da a gefen kujerata take zama har sai an kira ta cin abinci. Ni da buhun siminti ya koya mini baƙi, me zan ja wa layi?

Talata, 4 ga Maris

"Kaka Malam ya ce." Haka take kiran Mai-Tabarau. Sau bakwai yau. Na ƙirga.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta manta littafin tarihi a kan tebur. Ban yi niyyar buɗewa ba, a buɗe na same shi. Kusan a buɗe.

Darasin babbar gada ne, da rubutun Mai-Tabarau mai kwanciya gefe guda kamar shi. Wai an gama ta cikin shekara biyu, "ba tare da asarar rai ba". Na karanta sau uku da yatsa. Ina da shekara sha bakwai na ɗauki dutsen gadar nan a ka. Shekara uku muka yi. Ginshiƙi na huɗu ya zube da mutum uku, ɗayansu yayana. Shi lokacin yana ina? Yana aji yana fiƙe fensir.

Na ɗauko fensirin aikina mai faɗi, na soke, na rubuta gaskiya a sama. Na mayar yadda yake.

Talata, 11 ga Maris

An ba su sakamakon gwaji. Tambayar gada maki goma ce, malamarsu ta ba ta sifiri, ta rubuta mata "daga ina kika samo wannan?" Daga ta biyu a aji ta koma ta tara.

Ubanta ya shigo mini ɗaki. Ɗan da na haifa! Wai Baba, don Allah ka bar wa masu karatu karatu. Na ce to su bar wa masu gini gini.

Ita ba ta yi kuka ba, gara ma ta yi. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Kaka, ai na gane rubutunka, kamar kaza ta bi ta kan yashi. Shi ya sa na rubuta naka." Ta juya.

Laraba, 12 ga Maris

Ba ta shigo ba.

Jumma'a, 14 ga Maris

Mai-Tabarau da kansa. Na ba shi kujerar da ƙafarta ke rawa. Na shirya masa magana tun daga nesa, sai ya ɓata mini shiri: wai shi daga littafin manhaja ya kwafa, bai taɓa jin zancen ginshiƙin ba. Wai, "Surukina, faɗa mini sunayensu."

Na ce don ka ja musu jan layi, yarinya ta zo tana "Kaka Malam ya ce"? Yayana ba darasinka ba ne.

Ya ce Allah ya huci zuciyata. Ya tafi da sandarsa mai kan azurfa. Shi ba gurgu ba ne, ado ne.

Lahadi, 16 ga Maris

Ta shigo, ta zauna a ƙasa. An ce kowa ya yi jawabin minti biyar a gaban aji, ita gadar za ta yi, a gaban malamar da ta ba ta sifiri. Na ce zauna in ba ki tun daga farko. Ta ce, "Kaka, in ka fara daga farko, sai an tashi makaranta ba ka kai bakin kogi ba. Kai ka san abin, shi ya san yadda ake jera shi. Ko ku biyu, ko in yi a kan tsaftar muhalli."

Tsaftar muhalli. Yarinyar nan ta san inda ake taka ni.

Na ce ba na zuwa gidan kowa.

Laraba, 19 ga Maris

Likita ya ce gwiwata tana son tafiya, gidan Mai-Tabarau kuma a kan hanya yake.

Na ba su sunayen ukun. Da na zo kan na yayana sai na tsaya. Mai-Tabarau ya ajiye biro, ya jira. Ban zaci ya iya jira ba. Guntuwa ta matso ta jingina da ƙafata tana rubutu.

Ya yanke mini zancen ruwan sama da na shugaban leburori, wai jawabi ba ya ɗaukar kaya biyu. Na yi faɗa. Da ta karanta mana a tsaye, to, ba laifi.

Shayinsa ruwa ne kawai. Jibi zan koma, don ya zana ginshiƙin a gefen da ba nan yake ba, kuma in ban je ba haka za su bar shi.