Tabarau da Idon Saje Bitrus

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya jikin naka, ya Hajiya da yara? Mu nan Jibiya lafiya lau, sai godiya.

Kunya ce ta sa na ɗauki biro. Likitocin ido sun zo duba tsofaffin sojoji kyauta, aka yi shela a masallatai bayan sallar Juma'a. Muka je, har na samu tabarau. Sai da suka tafi muka tuna cewa Saje Bitrus, wanda ya goyo ka ranar da aka harbe ka, coci yake zuwa. Shi ne kuwa idonsa ke ta rufewa.

Jiya na iske shi zaune bakin tashar Maraɗi, na gaya mashi. Ya shafa fuskata ya ce, "Madalla, Kofur, yanzu sai ka riƙa tsallakar da ni titi." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ka bincika mana asibitin da zai karɓe shi a Kaduna. Ka sa shi a addu'a, ka gaida kowa. Tabarau dai yana aljihu, na kasa sa shi.

Ƙaninka,
Lawal