Layinmu Ya Fito a Taswira

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinki? Yaya mahaifiyarki da maigidanki? Ina sabuwar amaryata? Ku ce mata tsohon angonta yana nan tafe, kada ta saurari kowa. Tun da labarin haihuwar ya iso, bakina ya ƙi rufuwa.

An ce motar asibiti ta zo har ƙofar gida ba ta ɓata ba, saboda matasan unguwa sun bi lungu-lungu sun sa layinmu a taswirar waya, ba wanda ya biya su. Allah ya yi musu albarka. Abokin aikina ya buɗe mini ita, na karanta sunan layin da kaina. Karatun yamma da na yi bai tafi a banza ba.

Ni lafiya lau, kada ku damu. Sai dai mai kamfani ya sake ɗage hutuna, fasfona kuma yana hannunsa. Daga ɗakin kwana sai ƙofar da nake gadi. Da yatsa nake zuwa gida yanzu, a kan taswirar.

Na ga gine-ginen da ban sani ba. Ki roƙi yaran su riƙa sa duk abin da ya canza. Ranar da aka sake ni, ba na so in tsaya tambayar hanyar gidana.

Mahaifinki